Itatuwa da Ƙuri'u: Sharhi Kan Tafiyar Siyasar Wangari Maathai

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2007, mutanen mazaɓar Tetu da ke yankin Nyeri a tsakiyar ƙasar Kenya suka fita rumfunan zaɓe suka kayar da 'yar majalisarsu, Farfesa Wangari Maathai. Shekara biyar kafin nan, su ne suka ba ta kashi 98 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, kuma a tsakanin zaɓukan biyu ta zama mace ta farko daga nahiyar Afirka da ta karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Wanda ya tsaya daga nesa yana kallo zai yi saurin kiran abin butulci. A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa, domin faɗuwar tata tana da tushe a cikin yadda aka gina siyasar Kenya, da kuma bambancin da ke tsakanin ƙarfin mai fafutuka da ƙarfin mai riƙe da muƙami. Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya kai mai dashen itatuwa ga neman kujera tun farko, kuma me kujerar ta ba ta da ta samu?

An haife ta ranar 1 ga Afrilu, 1940, a ƙauyen Ihithe, cikin tuddan ƙabilar Kikuyu. A 1960 tana cikin ɗaruruwan matasan Kenya da aka kwashe zuwa karatu a Amurka gab da samun 'yancin kai. Ta yi digiri na farko a ilimin halittu a jihar Kansas, ta yi na biyu a jami'ar Pittsburgh a 1966, sannan a 1971 ta kammala digirin digirgir a jami'ar Nairobi a fannin ƙirar jikin dabbobi, inda ta zama mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta kai wannan mataki. A jawabinta na karɓar lambar Nobel a birnin Oslo ta tuna wani rafi da ke kusa da gidansu, inda take ɗebo wa mahaifiyarta ruwa tana yarinya, tana sha daga cikinsa kai tsaye, tana wasa a tsakanin ganyen gwaza, tana ƙoƙarin ɗaga jerin ƙwan kwaɗi da take zaton duwatsun ado ne, suna tsinkewa da zarar ta sa yatsunta ƙarƙashinsu. Ta ce bayan shekara hamsin rafin ya ƙafe. Wannan hoton shi ne ainihin abin da ta yi ta ƙoƙarin fahimtar da jama'a a tsawon rayuwarta, wato cewa ruwan da ke gangarowa zuwa ƙauye yana da alaƙa da dajin da ke kan tudu.

Ƙungiyar da ta kafa, Green Belt Movement, ta taso ne daga koke-koken matan karkara a Majalisar Matan Kenya ta Ƙasa, wadda daga baya Maathai ta shugabanta daga 1981 zuwa 1987. Matan suna kukan nisan wurin samun itacen girki, da ƙafewar ƙoramu, da zaizayar gonaki, da ramewar yara saboda an maye gurbin abincin gida da shayi da kofi na sayarwa. Ranar 5 ga Yuni, 1977, wato Ranar Muhalli ta Duniya, aka dasa itatuwa bakwai a filin Kamukunji da ke Nairobi. Tsarin aikin mai sauƙi ne amma akwai dabara a cikinsa: mata su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su tsinto iri daga itatuwan yankinsu, su raine shi a cikin gwangwanaye da fasassun tukwane, su raba dashen ga maƙwabta, sannan a biya su 'yan kuɗi kaɗan a kan kowane dashe bayan an tabbatar ya kama ya rayu. Da yake rayuwar dashen ake biya, mai raino ba ta juya masa baya da zarar an binne saiwarsa. Zuwa 2004 an ƙiyasta itatuwan da aka dasa ta wannan hanya sun haura miliyan 30.

Har zuwa nan babu abin da zai tayar wa gwamnati hankali, kuma da farko ma'aikatan gandun daji sun ba da haɗin kai. Abin da ya sauya lamarin shi ne lissafi. Ƙungiyar mata za ta shafe shekara tana rainon dashe dubu, minista kuma ya zauna a ofis ya yanke kadada dubu daga gandun dajin gwamnati da sa hannu guda. Tsohuwar dokar gandun daji ta Kenya, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka, ta ba minista ikon sauya iyakar gandu ko ya cire shi gaba ɗaya daga kariyar doka, muddin ya buga sanarwar kwana 28 a jaridar gwamnati. A zamanin Shugaba Daniel arap Moi, musamman bayan ƙasashe masu ba da tallafi sun dakatar da kuɗaɗensu a Nuwamban 1991, kuɗin da ake sayen goyon bayan 'yan siyasa da su suka yi ƙaranci, sai filayen gwamnati suka zama abin rabo. Gandun daji, filin makaranta, kasuwa, maƙabarta, duk wanda aka samu akan yi masa takardar mallaka a miƙa wa na hannun dama, shi kuma ya sayar ko ya jinginar a banki. Kwamitin bincike da Paul Ndung'u ya jagoranta, wanda ya miƙa rahotonsa a 2004, ya ƙiyasta cewa an fitar da haramtattun takardun mallakar fili kimanin 200,000 tsakanin 1962 da 2002, mafi yawansu a shekarun baya-bayan nan na mulkin Moi. Duk mai kare itace a irin wannan yanayi, ko yana so ko ba ya so, yana taɓa aljihun da ke ciyar da jam'iyya mai mulki ne.

Rikicin dandalin Uhuru ne ya fito da wannan a fili. A Oktoban 1989 Maathai ta samu labarin cewa za a gina bene mai hawa 60 a cikin wannan dandali, wanda shi ne babban wurin shan iska na talakawan Nairobi, kuma ginin zai ƙunshi hedikwatar jam'iyyar KANU mai mulki da ofisoshin jaridarta, da katafaren mutum-mutumin shugaban ƙasa a gabansa. Ta yi ta rubuta wasiƙu zuwa ga ministoci, da jaridu, da ofisoshin jakadanci, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. 'Yan majalisa suka keɓe lokaci a zaurensu suna zaginta, suna goranta mata mutuwar aurenta, shi kuwa Moi, a jawabinsa na ranar 12 ga Disamba, ya nuna cewa macen kirki a al'adar Afirka takan girmama maza ta kama bakinta. Aka kori ƙungiyarta daga ofishin gwamnati da take amfani da shi, ta kwashe ma'aikata da takardu zuwa cikin gidanta. Ta kuma shigar da ƙara a babbar kotu, sai alƙali ya yi watsi da ƙarar bisa dalilin cewa ba ta da hurumi, domin ba ta nuna wata asara da ginin zai jawo mata ita kaɗai ba, kuma babban lauyan gwamnati ne kawai ke da ikon yin ƙara a madadin jama'a. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan hukunci a zuciyarsa, domin za mu sake cin karo da shi. Duk da faɗuwa a kotu, masu zuba jari na waje suka janye a farkon 1990, kuma ba a yi ginin ba.

Abin lura a nan shi ne irin makamin da ya yi aiki. Ba ta da ƙuri'a ko ɗaya a majalisa, kotu ta rufe mata ƙofa, amma tana da suna a waje, tana da gaskiyar da kowa ke gani da idonsa, kuma gwamnatin da take faɗa da ita ta dogara da bashin ƙasashen da ke sauraronta. Haka abin ya sake kasancewa a ƙarshen Fabrairun 1992, lokacin da ta zauna tare da iyayen fursunonin siyasa mata suna yajin cin abinci a wata kusurwa ta wannan dandali, wadda tun daga nan ake kiranta Kusurwar 'Yanci. Bayan kwana huɗu 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, aka doke ta har ta suma, wasu daga cikin tsofaffin suka tuɓe tufafinsu a gaban 'yan sandan, abin da a al'adar mutanen wurin yake daidai da tsinuwar uwa. Matan suka koma babban cocin All Saints suka ci gaba da zama kusan shekara guda, har aka saki 'ya'yansu.

Neman kujera kuwa ba a 2002 ta fara shi ba. A 1982 ta ajiye aikinta na jami'a domin ta tsaya zaɓen cike gurbi a yankinsu, aka hana ta takara bisa hujjar rajista, jami'a ta ƙi mayar da ita, aka kuma fitar da ita daga gidan ma'aikata. Bayan an soke sashen tsarin mulki da ya haramta jam'iyyun adawa a Disamban 1991, ta ba da ƙarfinta wajen haɗa kan 'yan adawa su fitar da ɗan takara guda, suka ƙi, Moi ya ci zaɓen 1992 da kimanin kashi 36 cikin 100 kacal. A 1997 kuma ita da kanta ta shiga takarar shugaban ƙasa a makare ƙarƙashin wata ƙaramar jam'iyya mai suna Liberal, tare da neman kujerar Tetu. Ana gobe zaɓe aka baza jita-jitar cewa ta janye, ta tashi da ƙasa da kashi 1 cikin 100, ta kuma rasa kujerar majalisar. Ina ganin wannan takara kuskure ce, kuma bai kamata ƙaunar da ake yi mata ta hana a faɗi haka ba. Wadda ta shekara biyar tana wa'azin haɗin kai ta ƙara sunanta a jerin 'yan takara fiye da goma, a zaɓen da wata mace, Charity Ngilu, ta riga ta yi nisa da yaƙin neman zaɓe, kuma Moi ya sake wucewa da kimanin kashi 40. Abin da zaɓen ya nuna shi ne cewa mutum yana iya girmama ka a matsayin mai faɗa masa gaskiya, amma ranar zaɓe ya ba wanda yake ganin zai iya ci.

Sai dajin Karura, mai faɗin kadada sama da 1,000 a arewacin Nairobi, daf da hedikwatar hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1998 aka gano an yanka wani babban ɓangarensa an raba wa kamfanoni domin gina gidajen alfarma. Ranar 8 ga Janairu, 1999, ta nufi ƙofar dajin riƙe da dashe, tare da wasu 'yan majalisa da 'yan jarida da magoya baya, suka tarar da 'yan banga ɗauke da adduna da kulake da bulalai da kwari da baka. Aka fasa mata kai. Da ta je ofishin 'yan sanda kai ƙara, da jinin da ke zuba daga goshinta ta sa hannu a takardar. Ɗaliban jami'a suka fantsama tituna, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya yi Allah wadai, kuma a watan Agusta na wannan shekara Moi ya sanar da dakatar da rabon filayen gwamnati. An ceci Karura, amma shekara biyu bayan nan, a 2001, gwamnatin ta sanar da yanke kadada kimanin 67,000 daga wasu gandayen, ciki har da dajin Mau wanda koguna da yawa na yammacin ƙasar ke tasowa daga cikinsa. Wannan shi ne iyakar fafutuka: tana iya tare ƙofa ɗaya da jikinta a inda kyamarori ke kallo, amma ƙofofin suna da yawa, alƙalamin kuma yana hannun wani. Saboda haka ban ga laifinta ba da ta yanke shawarar neman alƙalamin.

A zaɓen 27 ga Disamba, 2002, 'yan adawa suka yi abin da ta daɗe tana roƙonsu, suka dunƙule a ƙarƙashin ƙawancen NARC, Mwai Kibaki ya kayar da Uhuru Kenyatta na KANU da kimanin kashi 62 cikin 100. A kan wannan guguwa ta shiga majalisa, kuma dole a fahimci kashi 98 ɗin nan da kyau. Tetu tana maƙwabtaka da Othaya, mazaɓar Kibaki kansa, kuma duk wanda ya riƙe tutar NARC a yankin Nyeri a wannan shekara da wuya ya faɗi. Wani kaso na ƙuri'un nata ne, sakayyar wahalar shekara ashirin da biyar, amma kaso mai tsoka na Kibaki ne, aro aka ba ta.

A Janairun 2003 aka naɗa ta mataimakiyar ministan muhalli da albarkatun ƙasa. Mataimakin minista a tsarin Kenya na lokacin ba ya zama a majalisar zartarwa, ba shi da kasafin kuɗi na kansa, aikinsa shi ne amsa tambayoyi a majalisa a madadin maigidansa da wakiltarsa a taruka, amma kuma ƙa'idar haɗin kan gwamnati ta ɗaure shi, ba zai fito ya soki abin da aka zartar ba. Ta yi aiki ƙarƙashin Newton Kulundu, daga baya kuma Kalonzo Musyoka, kuma ko bayan sanarwar Nobel ta 8 ga Oktoba, 2004, ba a ɗaga ta zuwa cikakkiyar minista ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kujerun majalisar zartarwa a gwamnatin ƙawance ana raba su ne bisa lissafin yankuna da ƙabilu da jam'iyyu, yankin Nyeri kuma ya riga ya samu babban rabo tunda shugaban ƙasa ɗansa ne. Ta miƙa wani ɓangare na 'yancin bakinta, wanda shi ne jarinta, ba ta kuwa karɓi ikon sa hannu a madadinsa ba. A nan, a ganina, asarar ta fi yawa.

Batun da ya fi gwada ta a ofis shi ne tsarin da ake kira shamba, kalmar da ke nufin gona a harshen Suwahili. Tun zamanin Turawa akan ba manoma izinin shiga gandun gwamnati su noma dankali da masara da wake a tsakanin ƙananan itatuwan katako da aka dasa, suna yi musu shema har itatuwan su yi inuwa, sannan a matsa da su gaba. Ga ma'aikatar daji, ƙwadago ne na kyauta. Ga manomin da ba shi da fili, abinci ne. Maathai ta tsaya kai da fata cewa tsarin yana kashe daji, domin ana share itatuwan asali da ciyayin ƙarƙashinsu waɗanda ke riƙe ruwan sama su tsiyaye shi a hankali zuwa ƙoramu, a maye gurbinsu da itatuwan waje irin su turare waɗanda katako kawai ake nema a jikinsu, sannan gonar wucin gadi takan zama hanyar mamaye gandu har abada. Hujjarta tana da ƙarfi musamman a manyan tuddai biyar da Kenya ke samun ruwanta daga gare su, wato tsaunin Kenya, Aberdare, Mau, Elgon da Cherangani, a ƙasar da rufaffen dajinta bai kai kashi 2 cikin 100 na faɗinta ba a lokacin. Sai dai mazaɓarta tana gindin Aberdare ne, kuma cikin waɗanda haramta wannan tsari ya hana shiga daji har da masu zaɓenta. Mai fafutuka yana magana ne da yawun ƙoramar da jikoki za su sha, ɗan majalisa kuwa mutumin da aka hana noma bana shi ne zai tsaya a gabansa da katin zaɓe. Ban ce ta yi kuskure ba. A kan kimiyyar ruwa da daji ina tare da ita. Amma matsayin yana da tsada, kuma ita kaɗai ta biya.

Jam'iyyar masu rajin kare muhalli da ta kafa a 2003, Mazingira Green Party, wato jam'iyyar muhalli, ita ce ya kamata ta zama garkuwarta a irin wannan hali, sai dai tsarin zaɓe bai bar mata wurin tsayawa ba. Kenya ta gaji tsarin Birtaniya, inda ake raba ƙasa mazaɓa-mazaɓa, wanda ya fi kowa ƙuri'a a kowace ya ɗauke kujerar, sauran ƙuri'un su tafi a banza. Masu damuwa da muhalli a kowace ƙasa a warwatse suke, kaɗan a nan kaɗan a can, ba su da rinjaye a wuri guda. A Jamus, inda ake raba kujeru gwargwadon kason ƙuri'un jam'iyya matuƙar ta haura kashi 5 cikin 100, jam'iyyar masu kare muhalli ta Greens da su Petra Kelly suka kafa a 1980 ta samu kashi 5.6 a 1983 ta shiga majalisar tarayya da kujeru 27, kuma daga 1998 zuwa 2005 ta kasance cikin gwamnati, Joschka Fischer yana ministan harkokin waje, har ta sa aka yi dokar rufe tashoshin nukiliya sannu a hankali. A Birtaniya kuwa takwararta ta samu kusan kashi 15 a zaɓen majalisar Turai na 1989 ba ta samu kujera ko ɗaya ba, kuma sai a 2010 Caroline Lucas ta zama 'yarta ta farko a majalisar dokoki. A Kenya akwai ƙarin cikas, domin jam'iyyu sukan taso ne a bayan babban ɗan siyasar wata ƙabila, mai zaɓe kuma yana auna ɗan takara ne da tambayar ko yana tare da namu. Jam'iyyar da aƙidarta ita ce kogi da daji ba ta da amsar wannan tambaya.

Yana da amfani a kwatanta ta da Marina Silva ta ƙasar Brazil, wadda ta taso cikin masu tatsar roba a jihar Acre, ta yi gwagwarmaya tare da jagoransu Chico Mendes kafin a kashe shi a 1988. A wata ɗaya da Maathai, Janairun 2003, ita ma ta shiga ma'aikatar muhalli, amma a matsayin cikakkiyar minista mai iko da hukumomin tsaron daji, da hotunan tauraron ɗan adam, da damar keɓe sabbin gandaye. Sarar dajin Amazon ta sauko daga murabba'in kilomita kusan 27,800 a 2004 zuwa ƙasa da 12,000 a 2007. Wannan ya nuna cewa shiga gwamnati yana iya haifar da abin da zanga-zanga ba za ta iya ba, idan muƙamin yana da haƙora. Duk da haka ita ma ta yi murabus a Mayun 2008 bayan saɓani da abokan aikinta kan madatsun ruwa da manyan ayyuka, ta koma jam'iyyar masu kare muhalli, ta zo ta uku a zaɓen shugaban ƙasa na 2010 da kimanin kashi 19 cikin 100.

Ƙarshen zaman Maathai a gwamnati ya zo ne ta hanyar rikicin da ba na daji ba. Ƙawancen NARC ya tsage kan alkawarin rabon iko da ɓangaren Raila Odinga ya ce an saɓa, aka kai daftarin sabon tsarin mulki ga ƙuri'ar raba gardama ranar 21 ga Nuwamba, 2005, masu goyon baya da alamar ayaba, masu adawa da alamar lemo. Aka yi watsi da daftarin da kimanin kashi 58 cikin 100, alhali lardin tsakiya, gidan Kibaki da Maathai, ya amince da shi da fiye da kashi 90. Kibaki ya rusa majalisar ministocinsa ya kafa sabuwa ba tare da masu adawa da daftarin ba, ya sake ba ta muƙaminta na da, ita kuwa ta ƙi karɓa, tana kira da a zauna a sasanta tsakanin ɓangarorin. A idon mai kallon ƙasa baki ɗaya, dattaku ne, kuma abin da ya biyo bayan zaɓen 2007, inda aka kashe mutum fiye da 1,000 aka raba dubban ɗaruruwa da gidajensu, ya nuna cewa tsoronta yana kan hanya. A idon mutumin Tetu kuwa, 'yarsu ce ta ƙi tsayawa da ɗansu a ranar da aka taru a kansa. Ƙari a kan haka, ayyukan da Nobel ya ɗora mata, kamar shugabancin majalisar ƙungiyoyin farar hula ta Tarayyar Afirka, da jakadancin dajin kogin Kwango, da gangamin dasa itatuwa biliyan ɗaya da aka ƙaddamar a 2006, sun yawaita tafiye-tafiyenta a daidai lokacin da sabon asusun raya mazaɓu, wanda aka kafa a 2003, ya sa jama'a suka fara auna ɗan majalisa da yawan azuzuwa da ɗakunan shan magani da yawan ganinsa a gida. Ta faɗi a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Kibaki ta PNU, ta tsaya a tutar Mazingira, ta sake faɗuwa. Jam'iyyar ta samu kujera guda a wannan zaɓe, a mazaɓar Imenti ta Arewa.

Idan aka tsaya a nan za a ce shigarta siyasa asara ce zalla, amma lissafin bai cika ba sai an duba dokoki. A lokacin da take ma'aikatar ne majalisa ta zartar da dokar gandun daji ta 2005, wadda ta ƙwace ikon yanke gandu daga hannun minista shi kaɗai ta sa sai da amincewar majalisa, ta kafa hukumar kula da dazuzzuka mai cin gashin kanta, ta kuma ba ƙungiyoyin mazauna gefen daji damar shiga cikin gudanar da shi. A ƙarƙashin wannan tanadi ne aka kewaye Karura da shinge, ya zama wurin da mutanen Nairobi ke zuwa yawo da 'ya'yansu. Ba ita kaɗai ta rubuta dokar ba, kuma ba zai yiwu a auna rabon kowa a cikinta ba, amma matsalar da dokar ta zo magancewa ita ce wadda ta zubar da jininta a kai. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara gaba: sashe na 42 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin muhalli mai tsabta da lafiya, sashe na 69 ya ɗora wa gwamnati nauyin kai yawan itatuwa zuwa aƙalla kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar, sashe na 70 kuma ya ce mai shigar da ƙara kan muhalli ba sai ya nuna cewa wani ya yi asara ko ya ji rauni ba. Hujjar da aka kore ta da ita daga kotu a 1989 ke nan aka soke a cikin babbar dokar ƙasa.

Ta rasu ranar 25 ga Satumba, 2011, a Nairobi, tana da shekara 71, bayan fama da cutar daji. Bisa wasiyyarta ba a sare itace domin akwatin gawarta ba, an saƙa shi ne da gora da ciyayin ruwa, kuma gwamnati ta yi mata bankwana na ƙasa a Kusurwar 'Yanci, wurin da aka doke ta a 1992. Jam'iyyar Mazingira ba ta zama wani ƙarfi a siyasar Kenya ba bayanta, kuma gardamar da ta bari ba ta mutu ba: tsarin shamba ya dawo da sabon suna tun a ƙarshen zamanta a majalisa, kuma a Yulin 2023 Shugaba William Ruto ya sanar da ɗage haramcin saran katako a gandayen gwamnati wanda aka sa tun 2018. Ƙungiyar lauyoyin Kenya ta garzaya kotun muhalli da filaye, kotun ta saurare ta ba tare da tambayar asarar da ta yi ba, ta dakatar da umarnin a watan Agusta, sannan a watan Oktoba ta yanke hukuncin cewa an ɗage haramcin ne ba tare da jin ta bakin jama'a ba.